Moscatel ta Setúbal mai arha: yadda ake ɗanɗana ta da abin da ake ci da ita

Wata 'yar'uwa 'yar Jos, da ke aure a Almada, tsallaken kogi daga Lisbon, babban birnin Fotugal, ta aiko da tambaya. Bana ne karo na farko da dangin mijinta za su ci abincin daren Kirsimeti a gidanta. Ta sayi kwalbar Moscatel de Setúbal, wata giyar inabi mai zaƙi ta yankin Setúbal, a kanti, kuɗinta bai kai Yuro 10 ba, ta buɗe ta kurɓa, sai zaƙi ya cika mata baki har ya gundure ta. Tana so ta san ko arhar ce ta jawo haka, da me ya kamata a sha ta, kuma ko alkaki da cincin da kilishin da ta tanada za su iya hawa teburi tare da ita.

Ƙanwata, kada ki mayar da kwalbar nan, kada kuma ki je neman wadda ta fi ta tsada. Na yi shekaru ina aiki a ɗakunan cin abinci na wannan yanki, na zuba Moscatel a kofin da ban san adadinsa ba, kuma kusan duk wanda ya ce mini ta gundure shi, in na bi diddigi sai in tarar da ɗayan abu uku: ya sha ta da ɗumi, ko ya cika kofi, ko ya sha ta a bayan wani abin da ya fi ta zaƙi. Ina kyautata zaton ke ma daga kanti kika kawo ta, kika buɗe a kicin mai ɗumi, kika zuba a tambulan. A haka ko ta shekara 20 ce sai ta gundure ki.

Tun kafin mu yi nisa, a san abin da ke cikin kwalbar. Giya ce, kuma mai ƙarfi. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 17 cikin 100, alhali giyar inabin da ake sha da abinci ba ta cika wuce kashi 12 zuwa 14 ba. Zaƙin ne ke ɓoye ƙarfin, shi ya sa take yaudarar wanda bai san ta ba.

Daga gidanki zuwa inda ake yin ta bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Yankin yana tsakanin kogin Tejo da kogin Sado, ya haɗa da Azeitão da Palmela da gindin tsaunin Arrábida, kuma tun farkon ƙarnin da ya wuce, wajen 1907, hukuma ta shata masa iyaka ta ce wannan suna nasa ne shi kaɗai. Inabin da ake amfani da shi, sunansa na asali na birnin Iskandariya ne na Masar. A tsibirin Pantelleria na Italiya ana kiransa Zibibbo, kuma in kunnenki ya ji kamar kin san kalmar, kin san ta: zabibi ce, daga Larabci ta shiga bakinsu kamar yadda ta shiga namu. Inabi ne mai manyan 'ya'ya da ƙamshi, ana cinsa ɗanye, ana shanya shi, ana kuma matse shi.

Yadda ake yin ta shi ne ke bayyana duk abin da bakinki ya ji. In an matse inabi, yisti yakan kama cin sukarin da ke cikin ruwan yana mayar da shi barasa. In an bar shi ya gama, sai a sami giya marar zaƙi. A Setúbal ba a bari ya gama. Da ya ɗan fara aiki sai a kwara masa barasar inabi mai ƙarfi, yistin ya mutu, sauran sukarin ya zauna yadda yake. Saboda haka zaƙin nan na inabin ne da kansa, ba wanda ya zuba sukari, kuma ya haura giram 100 a kowace lita, wato ya kai na Coca-Cola ko ya fi. Sai kuma abin da ya bambanta Setúbal da yawancin wurare: ba a tace ɓawon inabin nan take. Ana barinsa ya jiƙa a cikin giyar har watanni, tun daga kaka har hunturu ya yi nisa. Ƙamshin wannan inabi a ɓawonsa yake zaune, barasa kuma ta iya tsotse ƙamshi. Daga nan ne take samo ƙamshin furen lemo, da ɗan ɗaci-ɗacin nan na ɓawo da za mu zo kansa, wanda a wurina shi ne rabin darajarta.

To me ya sa take da arha? Domin ƙarama ce. Doka ta ce sai ta yi aƙalla wata 18 kafin a sayar, kuma kwalaben kanti ba su cika wuce 'yan shekaru kaɗan ba. Masu tsadar su ne waɗanda suka kwana shekara 10, 20, 30 ko 40 a gangar katako, suna tsotsewa a hankali, launinsu na komawa kamar na madi, ƙamshinsu na komawa na ɓaure busasshe da gyaɗar da aka soya. Akwai kuma Moscatel Roxo, ta wani inabi mai jan ɓawo da ya kusa ɓacewa a ƙarnin da ya wuce, ita ma da tsada. Gidan José Maria da Fonseca da ke Azeitão, wanda aka kafa a 1834, shi ne ya yi suna da abin da suke kira torna-viagem: a zamanin jiragen ruwa masu filafilai, gangunan da aka kai Barazil ba a sayar ba sukan dawo gida, sai aka lura zafi da girgizar teku sun sa sun fi waɗanda suka zauna a rumbu daɗi. A shekarar 2000 sun sake gwada abin, suka loda ganguna a jirgin Sagres na sojan ruwan Fotugal. Waɗannan duk abin sha'awa ne, amma ba su ne abin teburin da yara ke zagayawa ana ta hira ba. Tsohuwar Moscatel yawanci ba tare da abinci ake shan ta ba, sai ita kaɗai, a natse. Ƙaramar ita ce mai son abinci, domin ƙamshin 'ya'yan itacen bai bar ta ba tukuna. Abu ɗaya kawai za ki duba a jikin kwalbar: a ga an rubuta Moscatel de Setúbal da hatimin yankin. In kin ga Favaios, wannan ta kwarin Douro ce a arewa, da wani inabin dabam, tana da kyau amma ba ita muke magana ba. In kin ga Moscato d'Asti, ta Italiya ce mai kumfa, barasarta ba ta wuce kashi 5 da ɗoriya ba.

Yanzu ki sake ɗanɗana ta, amma a wannan karon yadda ya kamata. Ki sa kwalbar a firiji kamar awa biyu, ki fito da ita minti goma kafin ki zuba. Abin da ake nema shi ne digiri 10 zuwa 12. Sanyi yana danne zaƙi, yana danne zafin barasa, yana fito da tsami. Kin san yadda kunun zaƙi ko zoɓo ke zama in ya yi ɗumi, sai ki ji sukarin ya yi yawa alhali ba a ƙara ko ƙwaya ba. Haka abin yake a nan. Amma kada ta yi sanyin ƙanƙara, domin sanyi mai yawa yana kulle ƙamshi.

Ki ɗauki kofin gilashi mai ƙafa, wanda bakinsa ya ɗan tsuke. Ki zuba kamar kaurin yatsu biyu, ba ƙari. Ki karkata kofin a kan farin tsumma ki duba: ya kamata ki ga launi tsakanin zuma da shayin da bai yi kauri ba, garau, ba gurɓata. Ki juya kofin a hankali, za ki ga ɗigo-ɗigo na gangarowa a jikin gilashin kamar hawaye. Mutane na cewa alamar kyau ce, amma ba haka ba ne, alamar barasa da sukari ce kawai. Sai ki kai hanci, ba can ciki ba, a bakin kofin, domin in kika zurma hanci barasa ce za ta fara marabtarki. Ki tuna lokacin da ake ɓare lemo a ɗaki, wannan feshin da ke tashi daga ɓawon ya kama yatsu. Shi za ki fara ji. A bayansa akwai zuma, da zabibi, wani lokaci da ɗan ƙamshin ganyen shayi. In kika ji warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da ya daɗe a rufe, toshiyar kwalbar ce ta ɓata ta, wannan kam a mayar.

Sai kurɓa. Kaɗan, ki bar ta ta zagaya baki kafin ki haɗiye. Zaƙi zai zo da farko a kan harshe, ba makawa, kada ki yanke hukunci a nan. Ki jira. Bayan kin haɗiye, ki ɗan sunkuyar da kai, ki buɗe baki kaɗan, ki lura da gefen harshenki. In yawu ya taru, to akwai tsami a cikinta, kuma tsamin nan shi ne ƙashin bayan duk wata giya mai zaƙi. Sannan ki saurari maƙogwaro: ya kamata ɗan ɗaci irin na ɓawon lemo ya biyo baya ya share zaƙin, ya bar bakin a wanke. Moscatel mai kyau, komai arharta, da wannan ɗaci take ƙarewa. Marar kyau kuwa takan bar bakin da danƙo, kamar an lashi cokalin ruwan sukari, sai ƙuna a ƙirji. Da wannan ma'auni nake auna kowace kwalba, ta Yuro 6 ce ko ta Yuro 60.

Maganar abinci kuwa, wani dattijon mai dafa abinci da na yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya koya mini ita, kuma bai yi dogon bayani ba. Wata rana da yamma, kafin baƙi su fara shigowa, ya ajiye mini faranti da abu uku: ɗan gutsuren cuku, yankan lemo ɗaya, da cokali ɗaya na zuma. Ya zuba Moscatel, ya ce in ci ɗaya in kurɓa, in ci burodi, in koma na gaba. Bayan cukun, giyar ta buɗe kamar fure, zaƙinta ya zama mai sanyi. Bayan lemon, ta yi daidai, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Bayan zumar, sai na rasa ta gaba ɗaya: zaƙin ya ɓace, ba abin da ya rage sai tsami da ƙunar barasa, kamar an canza kwalbar. Dalilin shi ne harshe yana sabawa da zaƙin da ya fi ƙarfi, duk wanda ya biyo baya bai kai shi ba sai ya daina jinsa. Ki gwada wannan da kanki kafin ranar, ba zai ci miki minti biyar ba. Ka'idar da za ki fito da ita ita ce, abin da ke faranti kada ya fi abin da ke kofi zaƙi. Mutane na jin an ce giyar kayan zaƙi, sai su ɗauka dole a haɗa ta da mafi zaƙin abin da ke gidan. A nan ake yin asararta.

Shi ya sa in kin bi shawarata, abokin tafiyarta na farko ba kayan zaƙi ba ne, cuku ne, kuma na garinsu. Ki nemi queijo de Azeitão. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, ana yin sa da ɗanyar madarar tumaki da gishiri, kuma da furen wata ƙaya da suke kira cardo ake daskarar da madarar, kwatankwacin yadda Fulani ke amfani da tumfafiya wajen yin wagashi. Furen nan yana bar masa ɗan ɗaci da ɗan tsami. Ki fito da shi daga firiji awa biyu kafin a ci, domin da sanyi ba ya magana. Ki sa wuƙa ki zagaye samansa, ki ɗage kamar murfin tukunya. Cikin zai yi laushi, yana sheƙi, yana neman malalowa, da cokali ake ɗiba a shafa a gasasshen burodi. Gishirinsa yana rage wa giyar nauyin zaƙi, maiƙonsa yana tare ƙunar barasa, tsamin giyar kuma yana wanke maiƙon daga baki har mutum ya so ƙari. Tumakin a gindin tsaunin da inabin ya fito suke kiwo, kuma mutanen wurin sun daɗe suna haɗa su. In ba ki samu ba, Serra da Estrela ɗan'uwansa ne, haka ake yin sa. São Jorge na tsibiran Azores mai tauri ne da ɗan yaji-yaji, shi ma yana tafiya. Cuku mai shuɗin jijiya irin Roquefort na Faransa ya fi kowa gishiri, kuma in surukanki na cin sa za su yaba. Sai dai in akwai mai juna biyu a cikin baƙin, cukun ɗanyar madara ba nata ba ne, kamar yadda giyar ma ba tata ba ce.

A teburin Kirsimetin Fotugal, bolo-rei ne ya fi dacewa da ita. Burodi ne a zahiri, ƙullinsa ba shi da zaƙi sosai, ga zabibi da gyaɗar Turawa da ɓawon lemon da aka dafa da sukari, wato duk abin da hancinki ya ji a kofin yana nan a cikinsa. In ya kwana, a gasa yankansa a shafa man shanu, ya ma fi. Bolo-rainha, wanda ba shi da 'ya'yan itacen sukarin, ya fi shi sauƙi. Torta de Azeitão, wannan naɗaɗɗen kek mai gwaiduwar ƙwai da kirfa, al'adar yankin ce a ci shi da Moscatel, kuma yana tafiya, ko da yake yana bakin iyaka. Arroz doce, shinkafar madara da ɓawon lemun tsami da kirfa, lafiya lau. Rabanadas kuwa, wato yankan burodin da ake tsomawa a madara da ƙwai a soya, ya danganta da hannun mai yi: in an barbaɗa musu sukari da kirfa kawai, to, in an tsoma su a ruwan sukari sun sha sun ƙoshi, sun fi ƙarfin giyar, a ba su kofi baƙi. Cakulan mai madara ki bar shi. Baƙin cakulan mai ɗaci da ɓawon lemo zai iya, amma ya fi son tsohuwar Moscatel.

Sai kayanmu na gida, kuma na ji daɗi da kika yi niyyar sa su a teburi. Cincin zai yi, in dai kin rage sukari a ƙullin. Ki goga ɓawon lemo ɗaya a ciki, za ki ga yadda zai riƙe hannun giyar. Soyayyar gyaɗa mai gishiri da yazawa sun fi shi ma, domin aikin da cuku ke yi su ma shi suke yi, gishiri da maiƙo da gardi. In kina da cukun Nijar busasshe, ki ɗan gasa shi ya yi laushi, ki karya ƙanana. Alkaki fa, ki yi shi, ki kawo shi da alfahari, amma ba tare da Moscatel ba. Abin da ya kwana a zuma ko ruwan sukari shi ne cokalin zumar nan da dattijon ya ba ni. Haka nakiya, haka dabino mai laushi. Waɗannan da shayi suke tafiya, ki ajiye su sai an ɗauke kofunan giya.

Kilishi ne ke buƙatar a yi masa bayani, domin za ki ji ana cewa giya mai zaƙi na kashe yaji. Rabin gaskiya ce. Sukari yana kwantar da zafin barkono, amma barasa tana hura shi, domin jijiyar da ke jin zafin barkono a baki takan ƙara saurin kamawa in barasa ta taɓa ta. Giya mai zaƙi mai barasa kaɗan, irin ta Asti, sukarinta ne ke rinjaye. Mai kashi 17 kuwa, barasar ce ke rinjaye. In kilishinki mai ƙuli-ƙuli da citta ne, barkononsa kaɗan, ɗan ƙaramin yanki zai ba ki mamaki, gishiri da gyaɗa da hayaƙi a kan zaƙin lemo. In kuwa irin ja-jawur ɗin nan ne mai sa hawaye, surukanki za su ji kamar an kunna musu wuta a harshe, kuma kilishin za su ɗora wa laifi. Ki ba su shi tun farko, da abin sha mai sanyi marar ƙarfi. Babban abincin daren ma, bacalhau, wato busasshen kifi mai gishiri, da dankali da kabeji da man zaitun, ba ruwansa da Moscatel. Ta jira sai an kwashe faranti.

Ga yadda zan tsara shi in a gidana ne. An gama bacalhau, an ɗan huta. A kawo cukun Azeitão a buɗe da gasasshen burodi, da ƙaramin kwano na gyaɗa da yazawa, a zuba wa kowa santilita 6, wato kwalba ɗaya mai santilita 75 ta ishi mutum 12. Da sauran abin da ke kofin a yanka bolo-rei a kawo cincin. Daga nan a ɗauke kofuna, shayi da kofi su fito da alkaki. Tsakanin zubi da zubi kwalbar ta koma firiji, kada ta zauna kusa da murhu ko kyandir.

Ki lura da masu tuƙi. A Fotugal iyakar doka giram 0.5 ce ta barasa a litar jini, ga sababbin direbobi da masu tuƙin haya kuma 0.2, kuma wanda ya riga ya sha giya da abinci, ɗan kofin nan zai iya haurar da shi. Mai ciwon sukari ya san cewa sukari ne a kofin, ba ƙamshi kawai ba. In kuma cikin baƙinki akwai 'yan'uwanmu Musulmi, ko wani da ba ya sha, ki faɗa musu kai tsaye cewa giya ce, kuma kada ki zuba ta a kek ko a miya ba ki sanar ba, domin dafuwa ba ta korar barasa duka. A yi musu carioca de limão: a fere ɓawon lemun tsami siriri, ban da farin cikin, a zuba masa tafasasshen ruwa a ƙaramin kofi, a bar shi minti uku. Da cukun da bolo-rei yana tafiya sosai.

Abin da ya rage a kwalbar ba zai lalace da wuri ba, barasa da sukarin na tsare shi. Ki toshe ta da kyau, ki tsayar da ita a ƙofar firiji, za ta kai wata guda cikin ƙoshin lafiya, sai dai ƙamshin furen zai riƙa raguwa a hankali. Za ta kai ki daren sabuwar shekara, lokacin da surukanki za su miƙa miki zabibi 12 ki ci da bugun ƙarfe goma sha biyu.